Ban Yarda a Kwance Motata Ba

Motar ta wani Kwara ce, wato Balarabe ɗan kasuwa, mai sayen fata. Daga Ƙwanni ya shigo da ita Illela, ta mace masa a bakin kasuwa, ya gaji da jira ya bar wa yayana ita ya hau doki ya tafi. Tun a lokacin tsohuwa ce. Baƙa, doguwa, rufinta na tamfal, kuma ba ta tashi sai an murɗa ƙarfe a gabanta. Ni na taɓa yi wa wani Bafaranshe tuƙi a tsallaken iyaka, don haka yayana ya ce in na iya tayar da ita, tawa ce. Na shafe rani guda a ƙarƙashinta, ta tashi.

Ba a daɗe ba wani attajirin Kano da yayana ke kai wa ƙiraga ya aiko cewa in motar ta iso Kano, zai ɗauke mu aiki ni da ita. Nan gardama ta fara.

Yayana mutum ne mai tsoron asara. Shawararsa ita ce a kwance motar gunduwa-gunduwa, a ɗora wa raƙuma zuwa Ƙauran Namoda inda jirgin ƙasa ya tsaya, daga can a loda ta sai Kano.

Na ce, "Yaya, in an kwance ta, wa za shi haɗa ta?"

Ya ce, "Kai mana."

"In raƙumi guda ya yada kaya cikin daji hwa? In haɗa ta da mi?"

Wannan hujja ce ta gaskiya, amma ba ita ce ke cina ba. Shekarun baya, da aka zo yin hanyar Sakkwato, an ɗebi mutane gida-gida, daga Illela har Tozai da Lafani da Garu. A gidanmu ni aka ɗauka, domin yayana shi ke riƙe da fatauci. Mun ɗauki tsakuwa a kwando har gashin tsakiyar kaina ya zube, bai sake fitowa ba. Da aka gama muka koma gefe, motocin Turawa suna wucewa muna durƙusawa.

Da yayana ya ga ba zan saurare shi ba, sai ya kai maganar gun hakimi, aka kuwa yi dace Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi. Aka kira ni gindin wata tsamiya inda aka kafa masa kujera. Na tuɓe takalmi na yi gaisuwa. Di'o ya yi magana, tafinta ya juya mini: hanya ta gwamnati ce, an yi ta don motocin aiki, tsohuwar mota irin tawa za ta mutu ne ta tare wa mutane hanya. Abin da ya fi, in bi shawarar yayana.

Na cire hulata na sunkuyar da kai na nuna masa wurin da gashin ya zube.

Na ce wa tafinta, "Gaya mishi, ranshi shi daɗe, hanyag ga bisa kaina ta zo. Na ɗauke ta, yanzu ita za ta ɗauke ni."

Tafinta ya ƙi juya maganar. Hakimi ya kawar da fuska. Di'o ya matsa sai an faɗa masa abin da na ce, aka faɗa masa, ban san ko duka ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in tafi, amma in ta mutu a kan hanya za a tura ta daji, ni kuma in kwana a gidan yari. Na ce na yarda.

Yayana bai yi mini magana ba har ranar tafiya. Da safe ina ɗaure garewanin mai da na ruwa a baya, sai ga shi da buzunsa da butarsa, ya shiga ya zauna a gaba.

Ya ce, "Ba don na yarda ba. Inna ta ce kar in bar ka kai ɗai."

Tafiyar ba ta yi daɗi ba, ba zan ce ta yi ba. Kafin Gwadabawa taya ta fashe, na liƙe, ta sake fashewa, a ƙarshe muka cusa mata ciyawa muka ci gaba tana ɗingishi. A gulbin Rima masu fito suka haɗa kwale-kwale biyu suka shimfiɗa itace, muka haye yayana yana ta salati. Bayan Talatar Mafara motar ta nutse a yashi har ciki. Na shiga ƙauye neman taimako, mutanen suka fito da shakka, suna zaton Bature ne a ciki. Da suka ga mu ne, wani dattijo ya tambaya, "Taku ce?" Na ce tawa ce. Ya juya ya kira samari, suka ɗaga ta kamar gadon kara. Su ma sun yi aikin hanya a yankinsu. Sun ƙi karɓar komai, sai dai dattijon ya ce in ɗauke shi zuwa gonarsa. Na ɗauke shi, ya zauna a miƙe yana ɗaga wa kowa hannu.

A Gusau muka tarar da jirgi tsaye a tasha. Ruwan motar yana tafasa, ni ma idanuna sun yi ja. Yayana ya nuna jirgin.

"Ka gwada musu. Ya isa. Mu loda ta nan."

Na ce, "Ka hau, Yaya, mu gamu Kano."

Ya sauka, ya yi taku kaɗan wajen tasha, ya tsaya. Sai ya dawo ya karɓi ƙarfen daga hannuna, ya je gabanta ya murɗa da kansa har ta tashi.

Mun shiga Kano da rana tsaka, fitila ɗaya ta faɗi a hanya, tamfal ya yage. Attajirin ya zagaya ta, ya ce ya zaci ta fi haka. Na ce ta zo daga Illela da ƙafarta, in yana da wadda ta fi ta ya nuna mini. Ya yi dariya ya ce in zo gobe akwai fatu a Bichi. Yayana ya kama hanyar gida a jirgi, ni kuma na kwana a cikinta, da asuba na nufi Bichi.