Shingen da Baba ke bi da hannu

Har yanzu nakan yi mafarkin garken da ke bayan gidanmu, a ƙauyenmu na kusa da Tsiga. A mafarkin kullum hantsi ne, an ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙanshi, Baba yana tafe a hankali, hannunsa na dama yana shafar shinge.

Da idanun Baba suka mutu, noma ya gagare shi, kasuwa ma ya daina zuwa. Tumaki da awaki kaɗai suka rage masa. Darnin kara ne ya taso daga ƙofar baya ya zagaye garken, shi yake bi da hannu kowace safiya, ƙwaryar dusa a ɗaya hannun. Ya tsani a ja masa gora. Dabbobin kuwa da sun ji sautin hannunsa a jikin kara sai su miƙe su taru a bakin ƙofa. Ya san kowace tunkiya da kukanta. Akwai wata jar akuya mai ji da kai da yake kira Hajiya, don ba ta shiga turereniya, sai an kai mata nata har gabanta.

To amma darni abincin akuya ne. Su ci ta sama, gara ta ci ta ƙasa. Wata safiya da damina karnukan da ba su da iyayengiji suka shigo ta wata kafa, suka kashe 'yan tumaki biyu. Baba ne ya fara tarar da su, da ƙafarsa. Ranar bai taɓa tuwo ba.

Yayana da ke aiki a Funtua mutum ne mai zafin nama. Kafin ka ce kwabo ya ɗauro naɗin waya mai ƙaya a bayan babur, ya ajiye a gaban Baba.

"Baba, wannan ko kura ce sai ta haƙura."

Baba ya miƙa hannu ya taɓa, ya janye da sauri, ya tsotsi yatsansa.

"Lallai kam," in ji shi. "Ni ma na haƙura."

"Ai dama hutu ya kamace ka, Baba. Wani ya riƙa kai dusar."

Da kyakkyawar niyya Yaya ya faɗa, amma ni da na zo ganin gida daga Malumfashi sai da na ji kamar in make shi. Washegari Baba bai fita ba. Ya zauna a kan buzu ya juya fuskarsa wajen da kukan tumakin ke fitowa, hannunsa yana motsi a kan gwiwa. Na tausaya masa har na kasa zama kusa da shi.

Inna ce ta yi magana, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wayar nan ai ta karnuka ce. A kai musu ita ta waje. Malam shi ta ciki yake bi."

Haka aka yi. Yaya ya kewaye garken da wayarsa daga waje, sannan da kansa ya je ya saro rassan aduruku, ya kafa su a jere ta ciki, kusa da kusa, ya ɗaure da zana. Aduruku ba shi da ƙaya, kuma in ka soka shi a ƙasa da damina kamawa yake yi. Kafin kaka sandunan sun yi toho. Baba ya koma hanyarsa, yana tafe yana tsinkar ganye yana shinshinawa, yana yi wa Hajiya tsiya tun daga nesa.

Ya yi shekaru yana bin wannan shinge. Itatuwan suka wuce rufin ɗaki, inuwarsu ta rufe garken, kare kuma bai sake shiga ba.

Bayan sadakar arba'in ɗinsa na ɗauki ƙwaryar dusa na fita ta ƙofar baya. A jikin kowane aduruku, daidai ƙugu, ɓawon ya yi sumul ya yi duhu inda hannunsa ke sauka. Na rufe ido, na ɗora nawa a wurin, na bi. Ban yi tuntuɓe ba har garke.

Da na buɗe ido, dabbobin duk sun taru a bakin ƙofa, suna leƙen bayana.