Ranar da Jandarma Ya Same Ni a Kofur ɗin Motata

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, akwai wata ranar Talata da ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ita ce ranar da jandarma ya buɗe kofur ɗin motata, wato akwatin kaya na baya, ya same ni a ciki a naɗe kamar tsohuwar tabarma.

Lokacin ina direktan wata lakkol, wato shugaban makarantar boko, a Dogon Dutsi. Ban daɗe da sayen wata tsohuwar mota ba a hannun wani ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana jigilar buhunan wake da ita. Injinta lafiya lau, amma bayanta ya zauna kamar na jakin da ya sha kaya. Ga wani kuka da take yi in ta faɗa rami: sai ka ji ƙiiii, sannan gum, kamar mutum ya yi nishi ya buga ƙofa. Maganin da na samo wa kukan shi ne ƙara muryar rediyo.

A daidai lokacin matata na da cikin fari, wata takwas, kuma an shirya zan kai ta gidan iyayenta a Dumega ta haihu can. Gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, ta zo daga ƙauye don ta raka ta. Ni na ɗauko ta daga tasha. Mace ce mai jiki, Allah ya hore mata, don haka tana zama a baya motar ta ƙara durƙusawa. Rami na farko ta yi shiru. Na biyu ta yi salati. A na uku ta ce in tsaya, ta sauka, ta ɗora ƙullin kayanta a ka, ta ƙarasa gida da ƙafa, ni kuma ina bin ta a hankali da mota ina roƙo, mutanen unguwa na kallo.

Da muka isa ta tambaye ni inda nake ajiye motar da rana. Na ce gindin tsamiyar da ke bayan lakkol. Sai ta kaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta. Ta ce doguwa ce, aljanar nan, ta bar tsamiya ta tare a motata, tunda na kai mata ɗaki mai inuwa har ƙofar gida.

"Ɗiyar mutane ba ta shiga motar ga," in ji ta. "Ba da jikana a cikinta ba."

Na yi dariya, na shiga yi mata bayanin ƙarfe da kimiyya kamar ina gaban allo. Ta bar ni na gama, ta ce ita ba ta yi lakkol ba, amma ta san kukan abin da ke jin ciwo. Matata kuwa ta ce ba za ta ƙetare maganar Gwaggo ba, kuma dama motar na sa mata ciwon baya. Saura kwana biyar tafiyar. In ba motata ba, sai dai a cusa mai tsohon ciki a motar kasuwa tsakanin awaki da buhuna. Kuma zan faɗi gaskiya yanzu, tunda shekaru sun ja: washegari da na zo buɗe kofur, sai na ji bakina ya yi sallama.

Na nufi wajen wani tsohon makanike da kowa ke yabon hannunsa. Abin da ba a gaya mini ba shi ne shekarun da ya yi cikin ƙarar injuna sun cinye masa kunne. Na yi ta kwaikwayon kukan motar, yana kallon bakina yana murmushi. Sai ya zagaya baya, ya danna kusurwar motar da ƙarfinsa ya saki. Ta yi ta rawa sama da ƙasa har sau huɗu. Ya ce lafiyayyar mota sau ɗaya take tashi ta tsaya. Ya shafa tayar baya, ya sa ni ma na shafa, na ji ta ci tudu da kwari. Ya leƙa ƙasa ya nuna mini amortisar, ƙarfen nan mai mai a ciki da ke hana mota tsalle, duk man ya tsiyaye ya haɗu da ƙasa ya yi baƙi.

Ya ce amortisar dai sun mutu duka biyu, amma matacce ba ya irin kukan da yake gani a bakina. Akwai wani abu dabam, kuma sai mota na tafiya da nauyi a baya zai yi magana. Tunda shi ba ya ji, ni zan zama kunnensa. In shiga kofur, shi ya tuƙa, in saurara, in sa alama a gefen da kukan ke fitowa. Alli kuwa ba ya rabuwa da aljihun malamin lakkol. Na duba hagu da dama, ban ga wanda na sani ba, na naɗe babbar rigata na shige.

Ba mu yi nisa a hanyar jar ƙasa ba na gano wurin. Hagu ne, daidai saitin kunnena. Na zana alama, na buga murfin kofur don ya tsaya, kamar yadda muka shirya. A nan ne na tuna wa na yi shirin da shi. Na buga da hannu, na buga da ƙafa, na kira shi Baba, na kira shi da Faransanci. Tsohon nan sai zaɓen ramuka yake yi da gangan don in ji da kyau. Ƙura ta cika mini hanci, kaina na gaisawa da murfi, alli ya farfashe ya bi mini fuska da gemu.

Can na ji mun hau kwalta, sannan motar ta tsaya. Ashe shingen jandarmomi ne na bakin gari. Na ci gaba da bugu. Na ji wata murya na tambaya mi ke motsi a bayan motar nan. Tsohon ya ga an nuna baya, sai ya ɗauka zancen amortisar ake yi.

"Ai sun mutu tun tuni, duka biyu," in ji shi cikin natsuwa. "Ɗaya ne dai muke neman inda yake kuka."

Na ji takalma na gudu, na ji ana kiran wasu. Aka ɓalle murfin, haske ya dalle mini ido. Jandarman da ke tsaye a kaina kuwa uban wani ɗalibina ne, wanda a makon da ya wuce na kira shi buro, wato ofishina, na yi masa doguwar nasiha cewa yaronsa ba ya zama inda ya dace. Ya dube ni, fari fat da alli. Sannan ya sara mini, ya girmama ni da Faransanci, ya ce, "Mushe direktar, ina wuni?" Na amsa masa daga kwance cewa lafiya lau.

Kafin a gama bayani, masu babura da masu amalanke sun taru. Kafin la'asar labari ya isa kasuwa, wai doguwa ta sace direkta ta kulle shi a motarsa.

Muka koma gareji. Tsohon ya ɗaga motar da kirik, ƙarfen ɗaga mota, ya bi alamar allina, ya sa ƙarfe ya ɗan banƙara hannun da ke riƙe da tayar hagu. Sai ga shi yana lilo. Robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wadda suke kira silambulok, ta rududduge ta zube, ƙarfe na cin ƙarfe. Ƙusar da ta ratsa tsakiyar robar ta yi tsatsa ta ƙi fita, sai da ya jiƙa ta da mai ya gasa ta da wuta. Da ta fito ya ɗora mini ita a tafin hannu. Tsakiyarta ta sirance kamar tsinken tsire. Ya tambaye ni wa nake shirin ɗauka a motar. Na kwatanta masa ciki da hannu. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ce da ƙusar nan ta karye a kan gudu, taya za ta juya inda ta ga dama, mota ta bi ta. Nan take na tuna dariyar da na yi wa Gwaggo.

Kwana biyu ya yi yana aiki. Ya canza amortisar duka biyu da robobin hagu da dama, don a cewarsa ba a yi wa mutum sabon takalmi ƙafa ɗaya. Rana ta ƙarshe Gwaggo ta biyo ni da kaskon turarenta, ta ce sai ta ga abin da idonta. Tsohon ya sauke motar, ya ce ba a ɗaure ƙusoshin ƙarshe sai mota na tsaye da ƙafafunta da nauyi a kanta, in ba haka ba sabuwar roba murɗewa za ta yi. Ya dubi Gwaggo sama da ƙasa, ya buɗe mata ƙofar baya cikin ladabi. Ta shiga ta zauna daram tana turare tana addu'o'inta, shi kuma yana ƙasa yana ɗaurewa. Da muka gwada motar a ramuka, shiru kake ji. Kowannensu ya tafi da yaƙinin shi ya yi aikin, ni kuwa ban tsoma baki ba.

Ranar Asabar na kai su Dumega lafiya, matata har barci ta yi a hanya. Bayan mako uku aka haifa mana ɗiya.

Gwaggo ta rasu ba ta sauya magana ba, doguwa ce, kuma ita ta kore ta. Ni ma na daina musu tun ranar da aka ɗora mini ƙusar nan a hannu. Abin da na koya shi ne, in babba ya ce maka kada ka bi nan, to fara tsayawa tukuna ka duba, ko da sunan da ya ba haɗarin bai yi maka ba. Ita ta kira shi doguwa, makanike ya kira shi silambulok, amma dukansu sun ji akwai abin tsoro. Ni mai takardar ne kaɗai na ji na toshe kunne.