Ranar da Muka Bar Rugar Kakanmu

Talata ce, bayan an gama yankan shinkafa. Na tashi na tatsi shanu, na kafa kindirmo, na dama wa Baffa kunu. Baffa mahaifina ne, shekara uku ke nan ba ya gani.

Rugarmu tana bakin fadama, gabas da Hadejia. Kakan Baffa ne ya sare dajin, ya haƙa rijiya. Ɗansa ya fara shuka gero a gefen garke. Baffa ya gina ɗakin ƙasa na farko, a ciki aka haife ni. Mazanmu da mutanen ƙauyen kusa a masallaci ɗaya suke sallar Juma'a.

Kwana biyu kafin wannan Talatar wasu baƙin makiyaya sun ratsa, shanunsu suka cinye gonaki, su kuma makiyayan suka sari wani manomi. Ba mu san su ba. Sun yi gaba abinsu.

Da hantsi na ji ƙarar babura. Sai haushin karnuka. Sai bindiga, sau biyu. Hayaƙi ya tashi daga bukkar yayana Juli.

"Ku fito! Ku bar mana ƙasarmu!"

Na gane muryar. Mijin Hajara ne, wadda nake kai wa nono kullum.

Na goya 'yata, na kama hannun Baffa. Ya dafe ƙofar ɗaki ya ƙi motsi.

"In je ina?"

Juli ya zo a guje ya saɓa shi a kafaɗa. Muka faɗa cikin kacala, doguwar ciyawar fadama, ruwa iya ƙugu. A baya muna jin kukan shanu ana kora su.

Azahar ta same mu cikin ruwa. Juli ya sauke Baffa a kan wani tudu, ya ce zai koma ya nemo matarsa. Na riƙe masa riga. Ya zare hannuna ya tafi.

Da la'asar wani masunci ya gan mu. Bai tambayi ko mu su wane ne ba. Ya tsallakar da mu a kwalekwale. Washegari motar kaya ta kai mu Hadejia, gidan goggona.

Matar Juli ta iso bayan kwana uku, ƙafafu a kumbure. Ba ta haɗu da Juli ba. Baffa ya yi wata biyu yana tambayar wa ke shayar da shanu. Ya rasu wata Alhamis, aka binne shi a maƙabartar gari, cikin mutanen da bai sani ba. Juli kuwa bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Har yau ba mu yi masa sallah ba.