Gemun Orval

Mijina Orval Sprague direban motar madara ne har ya tsufa. Kullum da asuba yakan zagaya gonakin Amish na nan gundumar Holmes, wato wata al'ummar Kiristoci manoma masu riƙo da rayuwar da, ya kwashi madara ya kai masana'antar cuku. Bai taɓa kifar da mota ba, bai kuma taɓa iya yi mini ƙarya ba. Duk wadda ya gwada, kafin ya rufe baki na gano.

Shekarar da aka yi masa aikin zuciya ya rame ƙwarai, har zoben aurenmu ya yi masa yawa. Ranar da cocinmu ta yi walima a filin shaƙatawa na gari, ya tafi da zobe ya dawo babu. Tun a mota na gani, hannunsa na kan sitiyari. Na yi kamar ban gani ba. Shi kuwa ya koma ɓoye hannun hagu a ƙarƙashin tebur, yana sa safar hannu ana tsakiyar zafi.

Ba a jima ba ya sayo na'urar gano ƙarfe, sanda mai faifai a ƙasa da abin saƙalawa a kunne. Wai likita ya ce ya riƙa tafiya. Na ce to, ni ma likita ya ce in riƙa kallon masu tafiya. Na ɗauki saƙata na bi shi filin, na zauna a benci.

Duk Asabar wata 'yar Amish, matar wani manomi mai suna Raber, takan ɗaure keken dokinta a bakin filin ta kasa burodi. 'Ya'yanta biyu, Atlee da ƙanwarsa Saloma, suka fara kallon Orval daga nesa, ƙafa ba takalmi. Yana matsawa suna matsowa, har suka zo gab da shi.

Saloma ta ce, "Kaka, ciyawar ce ba ta da lafiya kake auna ta?"

"Lafiyarta ƙalau, sarkin tambaya. Ƙarfe nake nema."

Na'ura ta yi ƙara. Ya durƙusa da ƙyar, ya tona, sai ga fil. Ya matsa kaɗan, ta sake ƙara. Fil. Matan Amish ba sa sa maɓalli a riga, da fil suke maƙale ta, kuma a filin nan suke taron cin abincinsu tun kakanni. Orval ya sani sarai, amma bai taɓa tunanin inda fil ɗin da suka zube suke tafiya ba.

Saloma ta ɗaga ɗaya ta duba. "Wannan na Goggo Lovina ne. Ita ce mai lanƙwasa su."

Atlee ya cire malafarsa suka riƙa tarawa a ciki. Daga nan suka roƙe shi ya gwada sandar a kofaton dokinsu. Na'ura ta kwarma ihu, doki ya ɗaga kunne, yara suka faɗi ƙasa don dariya. Rabon da in ga Orval yana dariya haka tun kafin asibiti.

Can Atlee ya ce, "Kai, Kaka, duk wahalar nan don fil? Ka zo gidanmu mana, Inna tana da su cike da kwalba."

Orval ya waiwayo ya dube ni, ya sunkuya don ya yi musu raɗa. Ya manta kunnuwansa a toshe suke, ba ya jin muryarsa.

"Zoben aurena ne ya faɗi! Kada ku gaya wa tsohuwar can!"

Agwagin da ke bakin tafki suka tashi sama. Ni dai na ci gaba da saƙata.

Saloma ta ce, "Mene ne zoben aure?"

"Abin da mutum ke sawa a yatsa, don a san yana da mata."

Yaran suka dubi haɓarsa, wadda ya aske tas da safe, suka dubi juna.

"Kana da mata? To ina gemunka?" in ji Atlee.

"Ni fa na ɗauka tuzuru ne kai," in ji Saloma. "Har tausayinka nake ji, na ce tsoho haka ba wadda ta so shi."

Atlee ya ce, "Babanmu tunda ya yi aure bai sake aske gemu ba. Kuma bai taɓa faɗi masa a ciyawa ba."

Orval ya cire abin kunnen. Shirun da ya ji a filin ne ya sa ya gane irin raɗar da ya yi. Ya taho benci yana jan sanda.

"Maxine, akwai maganar da nake so..."

"Na ji, tsoho. Doki ma ya ji."

Ya zauna, ya ce tsoronsa kada in ce ya yi wasa da aurenmu. Na ce masa ba zobe na aura ba, kuma ko ranar da ya sayo shi ba wani mai tsada ba ne. Na ce mu biya kasuwa mu sayi wani. Ya girgiza kai, ya ce sabo ai bai san mu ba.

Washegari na ga ya aske gashin baki kawai, kamar yadda mazan Amish suke yi, ya bar haɓa.

Zobe dai har yau ba a gan shi ba. Orval bai fasa zuwa filin ba duk Asabar, yanzu da ayarin yara a bayansa, don Atlee ya kai labari makarantarsu. Fil ɗin da suka tara ana mayar wa iyaye mata, mu kuma mu dawo gida da burodi mai zafi.

Gemun ba kyau. Tsilli-tsilli ne kamar na bunsuru, na kuma gaya masa. Amma da zarar mun sauka daga mota Saloma za ta rugo, ta sa shi ya sunkuya, ta kama gemun ta ja, sannan ta juyo ta ƙwala mini kira:

"Kaka Maxine, kwantar da hankalinki! Yana nan, bai faɗi ba!"