Jan Tsumman da Na Goge Kofi da Shi

Akwai ranar da har yau ta ƙi fita daga raina, wata Laraba cikin watan Agusta, a shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, wajajen 2006. Tunda ku masu gyaran ɗakuna kun tambaye ni abin da ya sa nake takura muku a kan ɗakin da kowa ya ga yana ƙyalli, ku zauna in ba ku labarin.

A lokacin ina karatun harkar otal a wata kwaleji mai zaman kanta. Ƙa'idar makarantar ita ce kowane ɗalibi sai ya yi wata shida yana aikin koyo a otal na gaske kafin a ba shi takarda. Ni wani babban otal a Bukit Bintang aka tura ni. Na tafi da tabbacin cewa a teburin karɓar baƙi za a ajiye ni, saboda ina jin Turanci, ina kuma jin Larabci, don na yi shekara uku a Jidda wurin gwaggona. Watannin nan kuwa Larabawa ne ke cika unguwar, suna gudun zafin ƙasashensu. Sai ga takardata ta fito da sashen gyaran ɗakuna. Aka miƙo min yunifom ruwan toka da keken tura kaya, aka ce hawa na sha huɗu.

Wata biyu na yi raina bai kwanta ba. Ina shimfiɗa gado ina duba agogo, ina wanke banɗaki ina tunanin 'yan ajinmu da ke ƙasa sanye da kwat suna yi wa baƙi murmushi. In Hajiyarmu ta bugo waya daga Kano ta ce yaya aiki, sai in ce lafiya lau, in yi maza in karkatar da zancen. Sau uku ina rubuta takardar neman a canza min sashe.

Ga yadda tsarin yake a can. Mai gyaran ɗaki tana da ɗaki sha biyar a yini. A samanta akwai sufabaiza ta hawa, a saman sufabaiza akwai shugabar sashe. In baƙo ya tashi, mai gyara ta gama aikinta, ɗakin bai zama na bayarwa ba sai sufabaiza ta shiga ta duba da idonta, sannan ta danna wasu lambobi a wayar ɗakin. Nan take kwamfutar ƙasa za ta nuna an duba, a ba baƙo makulli. Tsummokaran goge-goge kuma kowanne da launinsa: shuɗi na tebur da madubi, fari na kofuna da butar shayi, ja na banɗaki kaɗai. Ranar farko ake koya wa mutum wannan.

Sufabaizarmu wata Batamila ce, 'yar asalin Indiya, mai suna Ruth, muna ce mata Akka Ruth, wato yaya a yarensu. Gajeriya ce, ta haura hamsin, gwiwarta ɗaya na damunta. A unguwar Sentul aka haife ta, mahaifinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shekararta sha tara a otal ɗin. Ba ta da yawan magana, kuma in tana duba ɗaki har ƙasa take durƙusawa ta leƙa ƙarƙashin gado da tocila. Ni a lokacin gani nake yi tsabar son wahala ne.

Da safiyar Larabar nan aka aiko min saƙo cewa manajan karɓar baƙi, Mista Tan, zai gan ni da ƙarfe biyu. Abin da nake jira ke nan. Da rana kuma, bayan sha biyu, Akka Ruth ta tare ni a bakin lif da wata takarda a hannu.

"Binta, ɗaki na sha biyu gyara na musamman ne," in ji ta. "Wata yarinya ce za a sallamo daga asibiti, za su zauna nan kusa da likitocinta. Ga abin da asibitin ya rubuto. Sababbin tsummokara, a tafasa buta a zubar sau biyu, a goge duk inda hannu ke taɓawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kira injiniyoyi su wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya. Amma hankalina yana kan ƙarfe biyu.

Ranar mutum biyu ba su zo aiki ba, ɗakuna sun yi mana yawa. Sai ɗaya da kwata na shiga ɗakin. Na duba keken, babu sabon tsumma ko ɗaya, ma'ajiyar kaya kuma tana can ƙarƙashin ƙasa, lif ɗin ma'aikata in ya tafi sai ya ga dama yake dawowa. Na shimfiɗa gado, na wanke banɗaki, na zo kan kofuna biyu da buta. Jan tsumman na hannuna. Na ɗauraye shi a famfo, na matse, na goge kofunan da shi har suka yi ƙyalli, na goge tebur da hannun ƙofa. Injiniyoyi kuwa ban ma ɗaga waya na kira su ba.

Ina fitowa na ci karo da Akka Ruth tana ɗingishi, rungume da tawul, ana ta kiranta a rediyon hannu daga ɗakuna uku.

"Kin gama yadda takarda ta ce?"

"Na gama, Akka."

Ta dube ni ɗan lokaci. "To. Yau dai zan ɗauki maganarki. Je ki, kada ki makara." Ta shiga ta danna lambobin ba tare da ta duba komai ba. Ban taɓa ganin ta yi wa kowa haka ba.

Na sauka na sake ɗankwali, na wanke fuska, na je na zauna a kujerar da ke gefen teburin karɓar baƙi. Na kasa zama. In tashi, in zauna, in gyara hannun riga. Ina ta gaya wa kaina cewa ai na ɗauraye tsumman, ai ba wanda ya gani.

Biyu da 'yan mintoci sai ga wata mata cikin baƙar abaya ta shigo, mijinta na tura keken guragu. A kan keken wata yarinya ce da ba za ta wuce shekara bakwai ba, an rufe mata hanci da baki da ƙyalle, kanta babu gashi ko ɗaya, tana riƙe da 'yar tsana. Mutanen Oman ne. Matar ta yi ta magana da Larabci, ma'aikaciyar da ke teburin karɓar baƙi ba ta gane ba, Turancin mijin kuma bai kai ba. Mista Tan ya fito, ya hango ni, ya yafito ni da hannu.

"Ke ce mai Larabcin? Ga dama ta samu. Fassara mana, in ga abin da kika iya."

Na matso na gaishe ta. Da ta ji harshenta sai ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce wata huɗu suna asibiti, an yi wa 'yarta Amal dashen ɓargo, yau ne farkon fitowarta. Likita ya ce jikinta ba shi da abin kare kansa yanzu, ƙwayar cutar da ba za ta yi wa kowa komai ba tana iya mayar da ita gadon asibiti. Ta ce, "'Yata, tambayar min su, don Allah, an gyara ɗakin yadda asibiti ya ce?"

Na fassara. Mista Tan ya duba kwamfuta ya yi murmushi. "Gaya mata an gyara, sufabaiza ma ta duba. Ga makulli."

Matar na riƙe da hannuna, hannun da ya matse jan tsumman. Yarinyar ta ɗago ido tana kallona ta saman ƙyallen. Sai na ce wa matar da Larabci, "Uwata, ku ɗan zauna, ɗakin bai gama ba, a ba mu awa ɗaya da rabi." Sannan na juya wurin Mista Tan na ce masa da Turanci, ɗakin bai gyaru ba, ni na gyara shi, kuma ban bi takardar ba.

Fuskarsa ba ta canza ba saboda baƙi na kallo. Ya sa aka kai su wani falo na sama da babu kowa. Da suka wuce ya ce min a hankali, "Koma sashenki. Maganarmu ta ƙare."

Na sami Akka Ruth a ɗaki na uku tana cire rigar filo. Na gaya mata komai, har da tsumman. Ta ajiye filon a hankali. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta kira injiniyoyi, ta aika a kawo sababbin kofuna da sabuwar buta daga ma'ajiya, ta ce min, "Ɗauko bokiti."

Muka cire komai muka fara daga farko. Da injiniya ya zaro matatar na'urar sanyaya ɗaki, baƙa ƙirin take da ƙura da danshi. Akka Ruth na durƙushe a kan gwiwar nan mai ciwo tana goge ƙafar gado. Ina kuka ina goge makunnin fitila, sai na ji bakina ya ce, "Akka, shekara sha tara kina wannan. Ba ki gaji ba? Ba ki taɓa son wani abu da ya fi shi ba?"

Ta ci gaba da gogewa. "Ina yarinya so nake in zama mai aikin coci," in ji ta. "Mu 'yan Lutheran ne a gidanmu. Na ɗauka bautar Allah a can take, sauran aiki neman abinci ne kawai. Babana ya zaunar da ni. Shi aikinsa ɗaure ƙusoshin birkin taragai ne. Ya ce a cocinmu an koya mana cewa fasto ba shi da kiran da ya fi na mai shara. Allah ne ya kira wannan, shi ya kira wancan. In mutum ya roƙi abinci, ba daga sama ake jefo masa ba, ta hannun manomi da direban mota da mai girki yake zuwa. Matar nan wata huɗu tana roƙon Allah ya kare mata 'yarta. Yau ta hannun wa kike tsammani zai kare ta? Ni da ke ne mana, da wannan bokitin."

Na ce, "Wato don lada kike yi."

Ta girgiza kai. "A'a. Mu a wurinmu ba a sayen rahamar Allah da aiki, kyauta ce. Shi ba ya buƙatar ɗakin nan. Yarinyar ce ke buƙata."

Na ce mu kam muna sa ran lada a kan duk abin da muka kyautata. Ta ce to ki sa rai, amma ki goge bayan wancan teburin tukuna. A nan muka bar zancen, ba ta ja ni zuwa nata ba, ban ja ta zuwa nawa ba. Sai dai abin ya tsaya min a rai. Tun ina Islamiyya nake jin malamanmu na cewa amana da kyautata aiki ibada ne, na haddace, na ci jarrabawa a kai. Ban taɓa kawo wa raina cewa maganar ta shafi kofin otal ba, sai da wata Kirista mai ciwon gwiwa ta durƙusa a gabana.

Huɗu saura aka ba su ɗakin. Washegari shugabar sashe ta kira mu ofis. Ni aka rubuta wa kwalejinmu takarda a kaina, aka kuma ce zan ƙarasa sauran wata huɗuna a hawa na sha huɗu. Akka Ruth aka ba ta takardar gargaɗi saboda ta saki ɗaki ba ta duba ba. Ita ce ta farko a fayil ɗinta. Na ce laifina ne, ƙarya na yi mata. Ta ce wa shugabar, "Dubawa aikina ne, ban yi ba," ta sa hannu.

Ranar hutuna na hau jirgi na je Sentul na nemi gidanta, wani ɗan fulat a hawa na huɗu. Na tsara maganganun ban haƙuri tun a hanya. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta yafe, ta ce amma daga yau ko ɗakin da na rantse a kansa sai ta duba. Sannan ta ɗauko jakarta ta ja ni shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gidan, don ta san can zan ci abinci hankalina kwance, ta saya min roti, gurasarsu ta can, da shayi.

Iyalin nan sati biyar suka yi. Na roƙa aka bar min ɗakinsu, kullum ni ke gyarawa, da safar hannu da ƙyalle a fuska. Amal takan zauna a kan gado tana nuna min inda na tsallake, ko da ban tsallake ba. Uwarta ba ta taɓa sanin abin da ya faru ranar farko ba. Suka koma ƙasarsu, ban sake jin labarinsu ba, ban san ko yarinyar ta rayu ba. Ina yi mata addu'a in ta faɗo min.

Ba zan ce muku daga ranar na daina son teburin ƙasa ba. Na ci gaba da jin zafi in na wuce ta gabansa da keke. Amma da na dawo gida aka ba ni zaɓi, wannan sashen na ɗauka, ga ni a cikinsa har yau.

Abin da na koya game da sana'armu shi ne kusan dukkanta a bayan rufaffiyar ƙofa ake yinta. Sufabaiza na iya gajiya, ni ma ina iya wucewa ban lura ba. Mutumin da zai shigo da yamma bai san sunanku ba, ba zai taɓa tambaya ba, zai ɗauki kofin nan ya zuba ruwa ya miƙa wa ɗansa ba tare da ya duba ba. Ya yarda da ku ne tun kafin ya gan ku. Ku tashi, sha biyu ta yi, baƙi sun fara barin ɗakuna.