Layi na Uku a Katin Saniya

Ina shagon buga takardu da nake aiki a Sama Road, ina gyara ƙahon saniya a kwamfuta, aka kira ni aka ce Yaya Nasiru ya rasu. Zazzaɓin kwana uku ne. Na yi salati, na rufe shagon. Zanen ko kashe shi ban yi ba.

Ni da shi muna buga wani wasan kati na intanet, mai dodanni da mayaƙa. Akwai dandalin da masu son wasan ke ƙirƙirar nasu katin. Ka zana halitta, ka rubuta abin da take iya yi a layi biyu ko uku, jama'a su duba su ce ta yi ƙarfi da yawa ko ta yi daidai. Ni ke zane, shi ke rubuta baiwar a waya, yana zaune bakin teburin namansa. Katin da ya fi cin mana lokaci shi ne saniyar Inna Kulu.

Inna Kulu kakarmu ce, Allah ya jiƙanta. Muna yara a gidanmu na Ƙofar Kware, in an ci tuwo, sai ta jawo kujerarta kusa da murhu, ta binne gyaɗa cikin toka mai zafi, mu zagaye ta. Ni ne ƙarami, a cinyarta nake zama.

"Ku ara mini kunne, ga ta ta iso," in ji ta. Sai ta daki goshina da yatsa. "Kai angona, yau ma barci za ka yi ka bar amarya da surutu?"

"Ba ni yi."

"Haka kac ce jiya."

Labarin wata farar saniya ne. In ta sa ƙafa a gulbi, ruwa ya kwanta iya gwiwa, garke ya haye. Amma ba ta fitowa sai na ƙarshe ya wuce. Wata damina gulbi ya cika, duk suka haye, saura wani gurgun maraƙi da ya tsaya a gaɓa yana rawar jiki. Makiyayi na ihu, "Fito, bar shi!" Ruwa na taruwa a bayanta, ya kai ƙirji, ya kai wuya, ita ko tana tsaye tana kiran maraƙin.

A nan barci ke ɗauke ni. Kullum a nan.

Mun rubuta layi biyu a katin. In ta shigo fili, babu abin da zai taɓa ƙananan katunanka. Ba ta kai hari, ba a kuma janye ta, muddin akwai mai rauni a bayanta. Na uku shi ne makomarta, kuma Yaya ya ce shi ya ji ƙarshen.

"Kai kana minshari lokacin," in ji shi. "Gama ƙahon nan tukuna. Wannan ai na rago ne."

Wata biyu yana ja mini rai.

Bayan sadakar bakwai na hau babur zuwa Wamakko, wurin Gwaggo Asabe, 'yar Inna Kulu, wadda ke gidanmu a wancan lokacin. Na tambaye ta yadda saniyar ta ƙare. Ta yi dariya, sannan ta sa bakin mayafi ta goge ido.

"Ɗana, Nasiru bai san shi ba. Babu wanda ya sani. Kana yin barci Inna ke yin shiru. Mu yi ta roƙo, tac ce, 'Ba ni ƙarasawa babu shi. Ku bari sai ran da ya iya riƙe idonai.'"

A hanyar dawowa na tsaya gefen titi na daɗe. Ashe gida guda ni ake jira, shekara da shekaru, kuma ko sau ɗaya Yaya bai tashe ni ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Ina jin abin da Inna take koya mana ke nan. Ba ta faɗa ba, ta yi ne a gabanmu.

'Yan dandali sun kawo shawara, wai a bar saniyar ta nutse, sauran katunan su ƙara ƙarfi. Na gode musu, ban ɗauka ba. Ni zan rubuta shi, ko zai kai shekara.

Yanzu duk Juma'a da yamma ina zuwa wurin 'ya'yan Yaya uku in ba su labarin. Ƙaramar, Hafsatu, ruwa na kaiwa wuya take barci. Sai in yi shiru, yayyenta su yi ta roƙo.

Ƙahon na gama shi. Layi na uku har yanzu ban rubuta komai ba.