Istar da Muka Yi a Cikin Danga

Har yau idan aka yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata na bazara, sai in tsinci kaina a gidanmu na ƙauye, can gindin duwatsun Doguwa, ina yarinya ban ko gama firamare ba. Mai karatu, in ka san zafin da ake yi gab da faɗuwar damina, lokacin da mangwaro ke nuna, rijiyoyi na ja da baya, kaji na haki a ƙarƙashin rumbu, to ka san lokacin da Mako Mai Tsarki, makon da ke kai mu ga Ista, bikin tashin Almasihu, yake riskarmu.

Mu Hausawa ne Kiristoci, 'yan gidaje a gefen gari, da ƙaramar majami'armu ta laka mai rufin kwano. Kakata ta wajen uba tana cikin waɗanda suka fara karɓar bishara a zuriyarmu. Ba ta yi boko ba, idanunta ma sun fara hazo, amma addu'a ba ta yi mata nauyi a baki.

A shekarar da nake ba ka labari, sanƙarau ya shigo ƙasarmu tare da zafi. Ana saura kaɗan Lahadin dabino, ranar da Mako Mai Tsarki ke farawa, Inna, mahaifiyata, ta dawo daga rijiya tana riƙe da kai. Kafin gari ya sake wayewa wuyanta ya ƙage, ko haske ba ta son gani. Akwai wani Bafillatani da rugarsa ke bayan gonarmu, wanda shanunsa ke kwana a gonar bayan girbi su bar mana taki. Baffa muke ce masa, kuma shi kaɗai ke da babur a kusa. Shi ya ɗauke su zuwa asibitin Tudun Wada, Inna a tsakiya an ɗaure ta da zani a bayansa, Baba na tallafe da kanta. Aka bar ni da Kaka da ƙanena.

Da yamma mai bisharar majami'armu ya zo, ya tsaya daga bakin danga bai shigo ba. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ma'aikatan lafiya sun ce cutar tana yaɗuwa, don haka dattawa sun roƙi mu zauna a gida, kada mu shiga taro sai an ga yadda hali ya yi. Kunya duk ta rufe shi.

Kaka ta ce, "Ba komai, Malam. Ubangiji ya san hanyar gidan nan."

Ni kuwa na sha kuka, don na daɗe ina koyon waƙoƙin makon tare da yaran majami'a. Ranar Lahadi muna jiyo su daga nesa suna zagaya gari da ganye a hannu. Kaka ta zaro kabar da take saƙa tabarma da ita, ta miƙa mana, ta ce mu ma mu yi namu. Muka riƙa zagaya rumbu muna waƙa, tana biye da mu da sandarta. Ƙanena ya dage sai an kwanto jakinmu, tun da a kan jaki Yesu ya shiga birni. Jakin ya ƙi motsi, ya kuma cinye kabar da ke hannunsa. Ranar ce kaɗai na ji dariyar Kaka a farkon makon.

Daga nan kullum in rana ta yi sanyi, sai mu yayyafa ruwa, mu shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. In ɗauko Littafi Mai Tsarki na Baba, in karanta abin da ya faru da Almasihu a wannan ranar, ina yi ina tuntuɓe. Kaka ta saurara ido a rufe, sannan ta mayar mana da labarin da bakinta, har ka rantse mutanen ƙauyenmu ne. Bitrus, almajirin Yesu, ya zama irin kawun nan mai cika baki a dandali, wanda ke fara gudu in kare ya yi haushi. Bayan haka mu durƙusa. Takan fara da Inna, ta bi da sauran marasa lafiya na asibitin, Kirista da Musulmi, ta rufe da Baffa da babur ɗinsa.

Baffa ne jaridarmu. Yakan je Tudun Wada ya dawo, ya tsaya a bayan danga ya yi sallama, matarsa kuma ta ajiye mana ƙwaryar nono a ƙofa. Kullum amsarsa ɗaya ce, jiki da sauƙi. Ranar Alhamis Kaka ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ruwan da muke tattali kamar mai, ta durƙusa da ƙyar ta wanke mana ƙafafu. Na ji nauyi na janye, ta riƙe ƙafar gam, ta ce Ubangijinta ma ya yi wa yaransa haka, ita wace ce.

Ranar Juma'a, ranar gicciye, muka tashi da azumi. Da hantsi Baffa ya zo. Kaka ta matsa jikin danga ta ce, "Baffan yara, don Allah yau ka faɗa mini gaskiya." Ya cire malafarsa, ya daɗe yana juya ta a hannu. Ya ce Inna ba ta gane kowa, ko Baba, kuma matar da ke gado kusa da ita an fitar da gawarta da safe.

Da yamma aka shimfiɗa tabarma, na ƙi ɗauko Littafin. Na ce mun yi ta roƙo tun Lahadi, ga abin da aka samu, ashe ba a jin mu. Na zaci Kaka za ta tsawata mini. Sai ta jawo ni jikinta, ina jin ƙamshin man shanu a gashinta.

Ta ce, "Jikata, a rana irin ta yau Almasihu ma ya ɗaga murya ya tambayi Ubansa dalilin da ya sa ya bar shi. In Ɗan ya tambaya, ke ma tambayi. Amma a durƙushe za ki tambaya, ba da baya a juye ba."

Na durƙusa. Ban iya cewa komai ba sai "Inna, Inna," ina kuka. Kaka ta ce amin, kamar na yi doguwar addu'a.

Asabar ta zo shiru, Baffa bai leƙo ba. Amma Kaka ta tashe mu da aiki. Muka share gida har bayan rumbuna, muka wanke kayanmu na zuwa sujada, ta jiƙa shinkafar waina. Sannan ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta tana lalube tana yi mini kitso. Na tambaye ta kitson mene ne, alhali ba mu san halin da Inna take ciki ba.

Ta ce, "Gobe Ista. Ko wane labari babur ya kawo, kabarin Almasihu dai babu kowa a cikinsa."

Da safiyar Lahadi muka yi ado, mu uku, muka tsaya a tsakar gida muka soma waƙar tashin Almasihu da 'yan muryoyinmu. Can rana ta ɗaga sai muka ji kiɗan tulu, irin wanda matan zumuntar majami'a ke bugawa da tafin hannu, yana matsowa. Ashe da aka tashi daga sujada ba wanda ya tafi gida. Ikilisiya duka ta biyo hanya, mata a gaba da ankonsu, maza da yara a baya, suka kewaye dangarmu. Ba su shigo ba, ba mu fita ba. Ta tsakanin karan dawa nake hango fuskokin ƙawayena. Shugabar zumunta ta ɗaga murya ta ce, "Ya tashi!" Kaka ta amsa da muryar da ban san tana da ita ba, "Hakika ya tashi!" Waƙa ta haɗe, ta ciki da ta waje.

Ana cikin haka muka ji ƙarar babur. Kiɗa ya mutu. Baffa ne, Baba a bayansa, su biyu kawai. Na riƙe zanin Kaka. Baba ya sauko, sai hawaye. Baffa ne ya kasa daurewa, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ta farka! Jama'a, ta farka, har ta sha kunu! Alhamdu lillahi!"

Da Baba ya samu murya ya ce tun jiya da yamma zazzaɓin ya sauka, yau da asuba ta buɗe ido ta dube shi, ta tambaya ko an ba awakinta ruwa.

Mai karatu, ban taɓa jin guɗa irin ta ranar ba. Kaka ta fara zubewa a ƙasa, goshinta a turɓaya. Da ta miƙe sai ta yar da sanda ta shiga rawa, tsohuwar da sai an kama ta take tashi daga tabarma. Tuluna suka ɗauka, maza na tafi, Baffa na tsaye a tsakiyar Kiristoci yana dariya har malafarsa ta faɗi. Wainar da muka soya, ta saman danga muka riƙa miƙa ta, ba a bar ko ɗaya ba.

Inna ta dawo gida tare da ruwan farko, a rame, kunnenta na hagu ya mutu.

Yanzu abubuwa sun sauya. Ana yi wa yara rigakafi, labarin asibiti kuma ba ya jiran babur, a waya ake jin sa. Kaka ta daɗe da komawa ga Ubangijinta, Baffa ma ya rasu. Ina zaune a birni, majami'armu babba ce, ga lasifika ga kayan kiɗa na lantarki, wani lokaci har ba na jin muryar na kusa da ni. Shi ya sa duk Mako Mai Tsarki nake kwasar 'ya'yana mu tafi ƙauye wurin Inna, wadda yanzu ita ce kakar gidan. Jikoki su kewaye ta da safiyar Ista, su soma waƙa a kunyace. Sai ta juyo musu da gefen dama, ta daki ƙasa da hannu.

"Ku ɗaga murya! Kunne ɗaya Allah ya bar mini, ku cika shi."